Bindiga Mai Tofi Hagu

Alfadarin Goyko ne ya fara kawo labari. Ya sauko ƙauyen Orlodol da hantsi shi kaɗai, igiya na jan ƙasa, da rabin kayan itace a bayansa, ya tsaya a ƙofar gida yana jiran a sauke masa. Milosava, matar Goyko, ta fito ta dubi alfadarin, ta dubi dutsen da mijinta ya hau tun da sassafe, sai ta ɗora hannu a ka.

A bakin kurmi aka same shi, kwance rigingine a kan dusar ƙanƙarar farko ta bana, gatarinsa a gefe, rami ɗaya a ƙirji. Kafin Radule ya iso, rabin mazan ƙauyen sun tattake wurin kamar an koro garken tumaki. Radule mafarauci ne, ya tsufa yana bin sawun kyarkeci da na ɓarayin dabbobi a waɗannan duwatsu na Montenegro, kuma ba abin da ya tsana irin masu zuwa kallon gawa da ƙafafunsu.

"Ku ja baya, don Allah," in ji shi. "Ko rawa kuka zo yi?"

Harsashin ya ratsa Goyko ya nutse a jikin bishiya. Vidak, ƙanen mamacin, ya tono shi da wuƙa ya ɗora a tafin hannu, aka kewaye shi. Nan fa kowa ya zama malami, don a Orlodol gida ba ya rasa ƙaramar bindiga kamar yadda ba ya rasa murhu. Yawancinsu Teteyas ce, samfurin Rasha, mummuna mai ƙarar tsiya, wadda ko a taɓo ka binne ta ka tono za ta tashi, kuma harsashinta siriri ne. Na hannun Vidak kuwa mai kauri ne, irin na Jamus. An laluba dama da inda maharbin ya tsaya, ɓangaren da bindiga ke tofar da kwanson harsashi, ba a ga komai ba.

"Ya ɗauke kwanson, ɗan banza," in ji wani. "Amma wannan ya fi ƙarfinsa. Wa ke da bindigar Jamus a kwarin nan?"

Kowa ya sani. Yagosh, mai kiwon zuma, shi ne ke da Parabelum ta gadon kakansa, kyakkyawar bindiga wadda dillalan bakin teku suka gaji da zawarcinta. Kuma kowa yana wurin a bikin da aka yi da kaka, lokacin da aka kafa tuffa bisa rufin gidan amarya, aka ce kamar kullum amarya ba za ta fito ba sai dangin ango sun harbo tuffar. Yagosh ya zaro Parabelum yana taƙama. Harbin farko ya kuskure, na biyu bindigar ta cije, don harsasan sun girme shi. Goyko ya ture shi gefe, ya fasa tuffar da Teteyas ɗinsa, ya juyo yana dariya: "Yagosh, mayar da amaryarka ɗaki. Ado ta iya, ba aiki ba." Yagosh ya ce masa a gaban mata da yara, "Wata rana za ka ji muryarta." To ga shi yau.

'Yan sanda kuwa ba zancen zuwansu. Ruwan makon jiya ya tafi da gada, ya tsinke wayar tarho. Vidak ya damƙe harsashin, ya yi magana a hankali, irin hankalin da ya fi ihu ban tsoro.

"Ba zan taɓa shi ba sai an rufe yayana. Amma na rantse da Waliyyi Vasiliye, ƙasar kabarin ba za ta bushe ba Yagosh yana numfashi."

*

Da aka sauka da gawar, Radule ya tsaya shi kaɗai. Ya kewaya bayan wurin da aka tattake har ya sami sawun da ba na 'yan kallo ba. Mutumin bai laɓe ba. Ya zo ta hanya a fili, ya kafa ƙafafunsa biyu yana fuskantar Goyko, kuma da alama sun ɗan yi magana, don dusar ta narke a ƙarƙashinsu duka. Takalmin roba ne, irin wanda duk ƙauyen ke saye a kanti ɗaya. Abu ɗaya kawai ya bambanta shi, dunduniyar hagu tana ɗan jan ƙasa. Wani tunani ya taɓa Radule, ya kore shi kamar ƙuda. Ai rabin tsofaffin Orlodol suna jan ƙafa.

Sawun ya gangara ba gudu, ba waiwaye. Ya bar hanya ya ratsa ta gefen maƙabarta, ya tsaya a jikin katanga, ya daɗe, sannan ya hau hanyar dutse ya ɓace. Radule bai taɓa ganin mai kisa da ya tsaya hutawa a maƙabarta ba, abin ya tsaya masa a rai.

Vidak yana jiransa a bakin ƙauye, hannu a cikin riga.

"Ina sawun ya kai ka, Baffa Radule?"

"Hanyar dutse."

"Wadda ta bi ta ƙofar Yagosh."

"Ta bi ta ƙofata ma. Ko ni za ka fara da shi?"

"Baffa, ba ranar wasa ba ce."

"Shi ya sa nake ce maka ka jira. Harsashi ba ya dawowa in an yi kuskure."

"Jibi za a binne shi," in ji Vidak. "Iyakar jirana ke nan."

*

Yagosh bai tsaya a gidansa ba. Tun da labari ya iso shi ya ruga, kuma ƙofar da ta buɗe masa ita ce ta Mashan. A nan, wanda ya tsallaka dokin ƙofarka ya ci gurasarka da gishirinka, jininsa yana wuyanka muddin yana ciki. Mutane suka yi ta yabon Mashan, suna cewa dattijo ke nan, ko da yake kowa ya san ba a zama a gidan wani har abada.

Mashan pobratim ɗin Radule ne, ɗan'uwan rantsuwa. Tun suna samari suka tafi wani coci mai nisa a cikin dutse, su biyu da limami, suka sha daga ƙoƙo ɗaya, suka yi musayar makamai. Mashan ya ba shi Bereta, 'yar ƙaramar bindigar da sojan Italiya suka bari, shi kuma ya ba Mashan ta ubansa. Ba su taɓa yin tallar abin ba. Shekaru biyu da suka wuce Mashan ya binne ɗansa tilo, Novak, wanda bindiga ta tashi a ƙugunsa yana tsallake katanga. Aka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Tun daga nan dariya ta bar gidan, kuma Radule yana jin nauyin hakan duk lokacin da ya shiga.

"Shigo, pobratim," in ji Mashan, ya zuba masa rakiya, barasar da suke dafawa a gida. "Ga baƙona can, ya ƙi ci ya ƙi sha. In ya mutu da yunwa a gidana ma ai abin kunya ne."

Yagosh yana zaune kusa da murhu, fuskarsa kamar an wanke ta da toka.

"Ina kake da safe?" in ji Radule.

"Wajen amya, Baffa, ina rufe su saboda sanyi."

"Wa ya gan ka?"

"Ƙudan zuma."

"To sai mu kira su shaida. Kawo bindigar."

Ya miƙo ta a cikin tsumma. Radule ya shinshina bakinta, ya leƙa, ya runtse ido don takaici. Tana ƙyalli, sai ƙamshin mai.

"Yaushe ka wanke ta?"

"Ɗazu. Da na ji abin da ya faru, sai tsoro ya kama ni."

"Kai, amma uwarka ta haifi wawa! Ƙurar da ke cikinta tun biki ita ce shaidarka, ka goge ta da hannunka."

Yagosh ya fashe da kuka. "Wallahi, Baffa, tun ranar tuffa ban taɓa ta ba. Ni da na ƙi jininta? Harbi ɗaya ta yi mini, ta tofa kwanson sama ya faɗo mini cikin wuyan riga, ina rawa ana dariya. Dubi." Ya ja wuyan rigarsa, ga ɗan tabon ƙuna. "Na faɗi maganar banza don an ci mini fuska. Amma ni ko kaza matata ke yankawa."

"Yaron nan bai kashe kowa ba," in ji Mashan, idonsa a kan wuta.

"Ya aka yi ka sani, pobratim?"

"Dubi hannunsa mana. Irin wannan ne zai tsaya gaban mutum ya dube shi ido cikin ido?"

Radule ya shanye rakiyarsa. Bai gaya wa kowa ba cewa maharbin ya tsaya fuska da fuska da Goyko. Amma ramin a ƙirji yake, in ji shi a ransa, kowa zai iya hasashen haka.

*

Washegari ya je gidan makoki. Mata suna kewaye da gawa suna waƙar kuka, suna kiran Goyko shaho, suna kiransa ginshiƙin gida, kamar yadda ake kiran kowane mamaci ko da kuwa a raye ba a iya zama da shi. Gaskiyar magana Goyko mutum ne mai baki, mai son nasa. Sana'arsa sayen matattun bindigogi a ƙauyuka, ya goge su, ya shafa musu baƙi, ya sayar wa samari ko dillalai.

Radule ya ja Milosava zuwa rumfar da mijinta ke aiki.

"Suruka, ban da Yagosh, wa ke da ciwonsa? Dillalin nan mai farar mota fa, da suka yi cacar baki?"

"Ya tafi tun kafin gada ta faɗi. Ni na yi masa guzurin cuku."

"To wa?"

Ta murza bakin baƙin ɗankwalinta. A kan benci akwai magagarai ƙanana a jere, da gutsattsarin ƙarafa a cikin gwangwani.

"Zan faɗa maka abu, Radule, amma ba don Vidak ya ji ba. Bindigar da ta kashe Novak, a bencin nan ta kwana."



"Tsohuwar Teteyas ce, lafiyarta ƙalau, sai dai kunamarta da tauri. Yaron ya ce yana son mai laushi. Goyko ya sa magagari ya ci haƙorin da ke riƙe ta, ya ci har ya wuce ƙa'ida. Na ji shi yana cewa kada a buga ta da ƙarfi. Bai faɗa wa yaron ba, kada ciniki ya lalace. Novak ya ɓoye wa ubansa inda ya saya, shi ke nan magana ta mutu tare da shi."

"Shekara biyu kina riƙe da wannan?"

"Mijina ne. Amma ranar Lahadi ya sha, muka yi faɗa a tsakar gida, na goranta masa. Na ce kana barci da jinin ɗan mutane? Ka san abin da ya ce mini, da muryar nan tasa? Wai wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa." Ta share ido. "Sai na ji an tsaya a bayan katanga. Aka daɗe, sannan aka wuce."

"Kin ga ko wane ne?"

"Ban leƙa ba. Tsoron gani nake."

*

Ranar jana'iza, gari na wayewa Radule ya sake hawa dutsen. Tafiya yake kamar mai zuwa a cire masa haƙori. Sanyi ya riƙe sawun yadda ya bar shi. Ya tsaya a inda maharbin ya tsaya, ya sa ƙafa a gefen ƙafa, ya miƙa hannu wajen bishiyar.

In Parabelum ce, kwanson sama zai yi ya faɗo kusa, ko a bayan mutum. Ya durƙusa ya tone dusar da yatsu, a gindin sawun da bayansa. Babu. Kuma sawun bai nuna an sunkuya an ɗauki wani abu ba, mutumin ya yi harbinsa ya juya. Ashe ba wanda ya ɗauke kwanson. Yana nan, a inda ba a duba ba.

Radule ya daɗe a durƙushe kafin ya yarda ya juya hagu. Akwai busasshiyar ciyawa a can, ƙarƙashin wani dutse. Bai ma sha wahala ba. Yana ɗaga ciyawar ya gan shi, ɗan jan ƙarfe, yana kwance kamar jiransa yake.

Muryar ubansa ce ta fara zuwa masa. Yana yaro, a bayan gida, tsohon ya zaro Valter, bindigar da ya ƙwace daga hannun hafsan Jamus a yaƙi, ya ture yaron da gwiwar hannu. "Kada ka tsaya mini a hagu, wannan bahaguwa ce. Kusan duk bindigogin duniya dama suke tofi, ita kaɗai ta ga dama ta saɓa." Harsashinta ɗaya da na Parabelum. Ba ta ado, ba ta fita biki, amma tsohon ya ce ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ita ce Radule ya ɗora a tafin Mashan a cocin nan na cikin dutse. Kuma kabarin Novak yana jikin katangar maƙabarta, daidai inda sawun ya tsaya.

Ya zauna a kan dutsen ya yi kuka, kukan tsoho, mara sauti. Rantsuwar da suka yi a fili take: pobratim ba ya kiran sunan ɗan'uwansa a gaban maƙiyi, wanda ya kira, Allah ya busar da harshensa da zuriyarsa. Amma in ya yi shiru, kafin rana ta faɗi ko gobe Yagosh zai leƙo ƙofa, matarsa ta sa baƙi. Ya juya kwanson a hannu har ya ɗumama, sannan ya sa shi a aljihu ya gangara.

*

Bayan an rufe kabari aka koma tsakar gidan Goyko, aka zauna a dogayen tebura don cin abincin mamaci, dafaffen nama da alkama da rakiya. Vidak bai taɓa komai ba. Radule ya aika a ce wa Mashan ya zo da baƙonsa, bisa amanar cewa ba wanda zai zaro makami sai ya gama magana. Suka shigo, Yagosh yana manne da bayan Mashan kamar ɗan maraƙi. 

"Vidak, ba ni bindigarka," in ji Radule.

"Don me?"

"Ba ni dai. Zan mayar maka da ita da harsashi a ciki."

Ya karɓa, ya saita wani kututture a jikin katanga, ya harba. Kwanson ya yi tsalle dama ya faɗa cikin kwanon wani.

"Kun gani? Dama. Yagosh, kawo taka."

"In ta yarda ta tashi," in ji wani daga baya. Ba wanda ya yi dariya.

Ta tashi. Kwanson ya yi sama, ya juya, ya faɗo a kan hular Radule.

"Sama. Kun duba dama a dutse ba ku ga komai ba. Na duba baya ban ga komai ba." Ya zaro kwanson daga aljihu ya ajiye a teburin, kusa da gurasa. "Wannan a hagu na tsince shi, cikin ciyawa, da nisa. Parabelum ko ta haukace ba za ta kai shi can ba. Duk wanda ke shakka, sawun yana nan, ya hau ya gani."

"Ba bindigar da ke tofi hagu," in ji Vidak.

Sai wani tsoho mai suna Savo, wanda ya yi yaƙi tare da iyayensu, ya ɗago kai daga kwanonsa. "Akwai. Valter. Na taɓa tsayawa hagu da ita, ta ƙona mini kunne." Ya juyo ya dubi Radule. "Guda ɗaya ce ta taɓa shigowa kwarin nan. Ta mahaifinka ce, Radule."

"Ta mahaifina ce," in ji Radule.

Ya mayar wa Vidak bindigarsa, gindi gaba, kamar yadda ya yi alkawari. Vidak ya karɓa yana kallonsa, ya kasa gane abin da kunnensa ya ji.

"Tana ina, Baffa?"

Radule ya kau da kai.

"Baffa Radule, kai ka koya mini ɗana tarko. Kada ka sa ni abin da ba na so. Ka sayar da ita? An sace? Faɗi suna, kowane ne."

"Na faɗi abin da ƙasa ta faɗa mini. Yagosh ba shi da hannu. Bindigar gidanmu ce ta kashe yayanka. Ba ni da sauran magana."

Limamin coci ya miƙe yana cewa a ji tsoron Allah, mata suka fara salati irin nasu, amma Vidak ya riga ya ɗaga hannu. Bakin Teteyas ya tsaya daidai ƙirjin Radule. Radule bai dubi kowa ba, musamman bai dubi ƙarshen teburin ba. Ya kafa idonsa a kan gurasa. Tsoro yake ji sosai, kuma bai san ko mutumin da ya sha ƙoƙo ɗaya da shi zai tashi ba.

Benci ya yi ƙara.

"Sauke, Vidak. Ba a wajensa take ba."

Mashan ya tako a hankali, ya sa hannu cikin rigarsa, ya fito da ita ya ajiye kusa da kwanson. Baƙa ce, gefunanta sun yi fari don tsufa.

"Shekara talatin da wani abu tana cikin akwati, ban taɓa harba ta ba. Na ce ƙila ma ta ƙi, in ta ƙi to Allah ne ya hana. Ba ta ƙi ba." Ya dubi Vidak. "Na tambaye shi a can sama. Na ce Goyko, gaskiya ne ka ci haƙorin bindigar ɗana? Da ya ce mini ka yafe ni, wallahi da na juyo. Sai ya ce in je in tambayi Novak nawa ya biya."

"Ƙarya kake!" in ji Vidak, bindigar ta koma kan Mashan.

"Ba ƙarya ba ce." Milosava ce, daga cikin mata, da baƙaƙen kayanta. Ta ratso ta tsaya a gaban ƙanen mijinta. "A gabana aka goge ta. Gidan nan ne ya fara cin nasu, Vidak. Ɗa ya tafi, miji ya tafi. In ka ƙara, ɗana za a nema, kuma ni ba zan bayar ba."

 Daga ƙarshe Vidak ya sauke bindigar, ya zauna a ƙasa a inda yake, ya rufe fuska. Yagosh kuwa matarsa ta zo ta kama hannunsa.

"Ni zan kai Mashan gari ta kan dutse, in miƙa shi ga hukuma," in ji Radule. "Mai neman ransa kafin nan sai ya bi ta kaina."

*

Suka kama hanya da rana tsaka, ba igiya, ba masu tsaro. Valter tana cikin jakar Radule, an cire mata harsashi. Da suka zo maƙabarta Mashan ya tsaya a jikin katanga, Radule ya juya baya ya ba shi lokaci. Sai da suka yi nisa a hawan dutse Mashan ya yi magana.

"Da ya harbe ka fa?"

"Da ka binne ni."

"Ka san zan tashi."

"Ban sani ba, pobratim. Ka bar Yagosh kwana biyu da igiya a wuya."

"Na ce 'yan sanda za su zo su wanke shi. Na ce a gidana ba mai taɓa shi." Ya yi ajiyar zuciya. "Na ce abubuwa da yawa. Ba ka kira sunana ba, Radule."

"Ban kira ba."

"Da ka kira, da na sami wanda zan tsana a kurkuku. Yanzu ka bar ni da kaina."

Radule ya zaro Bereta daga ƙugunsa ya miƙa masa, gindi gaba, don in an karya zumunci kowa kan karɓi kayansa. Mashan ya dube ta, ya mayar da hannun Radule baya.

"Riƙe abarka. Ni ban ce na fasa ba. In bazara ta yi ka riƙa cire wa Novak ciyawa."

A gaba hanyar ta ƙuntata, sai mutum ɗaya. Mashan ya wuce gaba. Dusar da ke wurin sabuwa ce, ba wanda ya taka ta, kuma Radule, da ya saba kallon ƙasa tun yana yaro, bai iya hana idonsa ba. Takalmin roba, taki a hankali, dunduniyar hagu tana ɗan jan ƙasa. Shekara talatin da wani abu yana bin wannan sawun zuwa farauta, zuwa coci, zuwa biki, kuma tun ranar farko a bakin kurmi ya gane shi. Ya ɗaga kai ya dubi bayan ɗan'uwansa, ya ci gaba da binsa har gari.